Jitar Kawu Halliru, Kafin Sha Tara ga Wata

Asabar, 19 ga Afrilu 1975, bayan la'asar. Kazaure.

Wannan littafin ragowar na 'yan aji shida ne. Kullum ina ce musu duk wanda abu ya cika masa ciki ya rubuta shi, to yau ga malaminsu ya zauna zai bi maganar kansa.

Jiya muka dawo daga asibiti a Kano, ni da Kawu Halliru, ƙanin mahaifiyata, da matarsa Inna Shatu. An ba mu takarda, an ce mu koma ranar Litinin, sha tara ga watan gobe, da kayan kwana. Likita ya kira ni baranda ya yi mini magana da Turanci. Ba zan rubuta ta ba. A mota Kawu ya tambaye ni me aka ce, na ce an ce a riƙa shan magani. Ya dube ni, ya dubi hannunsa na hagu, ya ce, "To."

Abin da zan iya rubutawa shi ne hannun yana aiki da safe. Daga hantsi ya fara nauyi, kafin azahar ko maɓallin riga ba ya iya sawa.

Shekara ashirin da biyu Kawu ya yi yana ɗinki a zangon Kumasi. Da aka kori baƙi ya dawo Roni da kan keken ɗinki da jita, ba komai bayan su. Jitar ya cire mata tsirkiya ɗaya ya bar biyar, ya ɗaure su yadda ya ga dama, har ta koma tana magana kamar garaya mai zurfin ciki. Kusan kowane babba a unguwarsu yana da takensa, wato ɗan kiɗan da Kawu ya haɗa masa shi kaɗai. In ka yi sallama a zauren da yake ɗinki zai amsa da baki, sannan ya ajiye almakashi ya sake amsawa da jita. Ba a rubuta su ko'ina ba. Ba wanda ya koya. Duk suna cikin yatsu huɗu na hannun nan.

Batulu matata ce ta faɗi abin da nake ta juyawa. Ta ce ariyas ɗin albashi da aka biya mu, in tafi da shi Kano in sayo injin ɗaukar magana, rufin ɗaki ya jira.

Saura kwana talatin.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan magariba.

Yau na ga abin mamaki, kuma ina so in rubuta shi daki-daki domin yara in an dawo daga hutu.

Wani abokin aiki ya kwatanta mini kantin Alhaji Maikasuwa a Fagge. Gajere ne, da tabarau a goshi, ba ya barin mutum ya gama magana.

"Malam, wa'azi za ka ɗauka ko biki?"

"Jita, Alhaji."

"A ina?"

"Roni."

"Akwai lantarki?"

"Babu."

"To cire idonka daga wancan, tun kafin ka kamu da sonsa."

Wancan ɗin babba ne mai faifai biyu da zare yana zagayawa a fili. Ya kunna mini shi duk da haka, don mugunta, sai ga sarewa ta cika shagon. Na juya ina neman mai busa sarewar a bayan kanta! Amma sai da wuta yake aiki, kuma nauyinsa ya kai na buhun gero.

Na biyu shi ne wanda kowa ke saye bana, rediyo da kaset a haɗe, mai ƙyalli. Na ce shi nake so. Alhaji ya ce in sa kunne. Ya danna, muka yi shiru, ya mayar baya. Sai ga wani gurnani a ƙarƙashin shirun. Ya ce, "Makirufonsa a cikin cikinsa yake, kukan hanjinsa yake fara ji kafin ya ji naka. Na masu zance ne wannan, a rataya a kafaɗa a burge budurwa."

Na uku baƙi ne, shimfiɗaɗɗe, ba rediyo, ba ado. Makirufonsa daban yake a kan doguwar igiya, yana cin batir shida, kuma yana da wata 'yar allura a bayan gilashi da ke rawa in an yi magana. Kada ta shiga ja, in ji shi, in ta shiga sautin ya fashe. Kada in sa makirufo a bakin ramin jitar, zai yi ta bubbuga kamar ganga. In auna taƙi biyu daga inda wuyanta ya haɗu da jiki, in ɗora shi a kan matashin kai don kada ya ji motsin ƙasa. Kaset in sayi na awa ɗaya, masu awa biyun zarensu siriri ne, inji yana tauna su. In batir ya yi sanyi in canza ko da yana juyawa, in ba haka ba gobe zan ji Kawu yana gudu kamar an biyo shi.

Ya ce in yi magana. Na karanto jadawalin lissafi na bakwai. Da ya mayar, sai na ji wani baƙo yana magana ta hanci, da saurin baki. Ni ne. Na tambaye shi ina muryar take zama. Ya zaro zaren da fensir ya nuna mini. Ruwan ƙasa ne, siriri. Ya ce wani abu ne kamar garin tsatsa aka shafa masa. Tsatsa! Abin da muke kankarewa a jikin fartanya, shi Allah ya ba ikon riƙe muryar ɗan Adam. Na daɗe ina kallon zaren nan.

Har na tashi sai na ce, to yatsun fa? In yaro ya ji kiɗan, ta yaya zai san inda aka danna? Alhaji ya buɗe durowa ya fito da 'yar kyamarar majigi, girmanta bai fi burodi ba. Ba ta jin sauti, hoto mai motsi kawai take ɗauka. Fim ɗaya minti uku ne da 'yan kai. Sai an aika ƙasar waje an wanke, mako shida ya dawo. Na lissafa mako shida a yatsuna.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Mai jitar nan lafiyarsa ƙalau?"

Na ce yana shan magani.

Ya tura mini kyamarar da fim ɗaya, ya ce aro ne, in dawo da ita in na gama. "Amma rana take ci, Malam. Ka kai ta ɗaki, duhu za ta haifa maka."

Alhamis, 24 ga Afrilu, azahar. Roni.

Na ɗaure injin a bayan babur cikin bargo, na iso kafin rana ta ɗaga.

Na zaɓi sabon ɗakin siminti mai rufin kwano, don shi ne mai tsabta. Kuskure. Kowace tsirkiya in ta yi magana sai bango ya maimaita mata, sauti ya hau kan sauti. Da rana ta fara dukan kwanon kuma sai ya shiga ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Kunnena bai taɓa lura da wannan ba. Injin bai san abin da ake kawar da kai a kansa ba, komai ɗauka yake.

Na ce Kawu ya zo ya ji. Ya ce a'a, shi ya riga ya ji lokacin da yake yi.

Juma'a, 25 ga Afrilu, hantsi.

Na samo wuri! Tsohon ɗakin ƙasa na can ƙuryar gida, mai rufin azara, inda Inna Shatu ke ajiye buhunan gyaɗa da tabarmi. Na tafa hannu a ciki, tafin ya tsaya inda na yi shi. Bangon ƙasa da buhuna suna shanye amsa-kuwwa. Magina na dā ba su san rakoda ba, amma ga shi sun gina mata ɗaki. Kawu ya ja tsirkiya ɗaya, allura ta tashi a hankali ta kwanta a hankali.

Na rubuta sunayen masu take a takarda, talatin da ɗaya. In muka yi uku kullum, mun gama kafin a koma makaranta.

Lahadi, 27 ga Afrilu, azahar.

Biyu kawai muka samu a kwana biyu, su ma a gutsure.

Safiyar da hannun ke aiki, ita ce safiyar masu dubiya. Ana tsakiyar kiɗa sai a ji "Salamu alaikum" daga zaure, Kawu ya ɗora tafinsa a kan tsirkiya ya amsa da ƙarfi, ya miƙe. Ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya iyali, yaya zafi. Kafin ya dawo an ci rabin awa. Na rubuta "A YI SHIRU, ANA AIKI" da alli a allon kwali na rataya a ƙofa. Wata tsohuwa ta tsaya ta dube shi, ta tambayi Inna Shatu ko maganin baki ne.

Na roƙi Inna ta riƙa ce wa mutane yana hutawa. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni in ce wa mai dubiya ya koma? Falalu, a gidan nan aka yi maka kaciya, ka taɓa ganin an yi haka? In kai za ka iya, ga zauren can."

Na ce zan iya. Saura kwana ashirin da biyu.

Talata, 29 ga Afrilu, la'asar.

Dabarar tana aiki. Ina danna injin, in ja ƙofa, in tafi zaure in tsare. Mutum shida na mayar yau, cikin ladabi, na durƙusa wa kowa.

Na shidan Baba Daudu mahauci ne, abokin Kawu tun suna kiwon awaki. Ya zo da ɗan ƙunshi a hannu. Na ce masa Kawu yana wani aiki, ya dawo bayan azahar.

"Aiki? Halliru?" Ya leƙa ta kafaɗata. Ana jin jitar can ƙasa-ƙasa. "Wa yake kaɗa wa?"

"Inji, Baba."

"Inji ya zo dubiya ke nan, ya riga ni."

Ya miƙa mini ƙunshin ya juya. Hanta ce gasasshiya, da zafinta.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan isha'i. Kazaure.

Na saurari kaset biyun da muka cika. Tsaf suke. Ba tari, ba zakara, ba sallama. Allura ba ta taɓa ja ba ko sau ɗaya.

Batulu tana ninke kaya tana ji, ta ce, "Wane ne wannan?"

Na ce Kawu mana.

Ta ce, "A'a." Ta ci gaba da ninki.

Juma'a, 2 ga Mayu, hantsi. Roni.

Yau na zauna a ciki don in gane inda matsalar take. Na matsar da makirufo taƙi ɗaya, na mayar taƙi uku, na canza batir sababbi. Na ɗauki takardata na ce, "Na goma sha ɗaya, Kawu, taken Dela mai ƙosai."

Ya kaɗa. Kowane dannawa daidai. Kamar yaro ne ya haddace karatu yana kallon bulala.

"Kawu, da ka ɗan sa masa rai."

Ya kwantar da jitar a cinya. "Malamin boko, ina Delar?"

"Tana gidanta."

"To kai kana kiran suna a aji, in yaro bai zo ba, kai kake amsa masa?"

Na ninke takardata. Ya murza yatsunsa na hagu da hannun dama, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe tara da rabi ne kawai.

Asabar, 3 ga Mayu.

Ba wanda ya zo dubiya yau. Ban ma tsare zaure ba.

Lahadi, 4 ga Mayu, azahar.

Inna Shatu ta dawo daga gidan suna ranta a ɓace. Ana cewa a gari wai jikin Kawu ya yi tsanani har ba ya gane mutane, shi ya sa muka ɓoye shi a ɗakin gyaɗa muka sa ɗan boko gadi. A gabansa ta faɗa, da gangan.

Kawu ya rataye jitar a ƙusa. Ya ce, "Falalu, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Mai da injinka."

Gobe ake komawa makaranta. Daga yanzu Asabar da Lahadi kaɗai gare ni. Saura kwana goma sha biyar, nawa a ciki huɗu ne.

Talata, 6 ga Mayu, tara na safe, a ofis.

Na koyar da aunawa. Ban san abin da na faɗa ba.

Laraba, 7 ga Mayu, la'asar.

Na kira sunayen aji yau, ina ji kowane yaro da irin amsawarsa. Wata da ƙarfi, wani kamar an tashe shi daga barci, wani sai ya bari na kira sau biyu don a yi dariya. Shekara tara ina kiran suna, yau na fara jin cewa rabin abin daga wajensu yake fitowa.

Kwana tara na safiyar hannun nan na ɓatar. Ni na ɓatar, ba ciwon ba.

Takardar asibiti tana cikin aljihun rigata ta Juma'a. Ban sake buɗe ta ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan magariba. Roni.

Daga masallaci na hau babur, ban tsaya ko'ina ba sai rumfar Baba Daudu. Na cire takalmi na durƙusa a gaban teburinsa, mutane suna kallo. Ya ci gaba da wasa wuƙa.

"Baba, na yi laifi."

"A makarantar taku ake koyar da korar mai dubiya, ko kai ka ƙago da kanka don ka fi su ilimi?"

"Ni na ƙago, Baba."

"Ai na ce. Uwarka, Allah ya jiƙanta, ko kare ya shigo gidanta sai ta ba shi ruwa." Ya gwada kaifin wuƙar a farce. "Hantar, ya ci?"

"Ya ci."

"Tashi, kana kore mini masu saye."

Bai ce zai zo ba.

Kawu kuma na roƙe shi abu ɗaya tak: minti uku a gaban kyamara, don yatsun. Na ce ba a ɗaki ba, dole sai a waje, inda rana za ta haske hannun. Ya ce minti uku ba yawa.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan azahar.

Ya Allah. Bari in bi shi a hankali kada in zubar da wani abu.

Ƙofar zauren gabas take kallo. Na shimfiɗa tabarma a dakali, Kawu ya zauna, rana tana bayana tana faɗa wa hannunsa. Rakodar na kawo ta ne kawai don a samu abin haɗawa da hoton wata rana. Na ɗora makirufo a kan matashi bisa turmi a kife, na auna taƙi biyu, na danna. Na sa ido a kyamara. Ta fara 'yar ƙararta kamar keken ɗinki a nesa. Kawu yana kaɗa irin na ɗakin gyaɗa, daidai, ba rai.

Sai na ji daga bayana, "Salamu alaikum, masu aiki. An yarda talaka ya gaisa, ko sai ya yanki kati?"

Kawu ya ce, "Wa alaikumus salam, ɓarawon tsoka!"

A cikin ɗan gilashin nan, hannun kaɗai nake gani. Na ga ya tsaya. Na ga ɗan yatsan da tun mako biyu ba ya lanƙwasuwa ya lanƙwasa. Sannan hannun ya zame ƙasa a wuyan jitar ya faɗa cikin taken Daudu, mai nauyi, mai jan ƙafa, kamar sa yana shiga kasuwa yana sane da ana kallonsa. Babban yatsan dama yana buga ƙasa, sauran suna zolaya a sama. Tsirkiya biyar, amma na rantse mutum biyu nake ji suna musu. Baba Daudu ya ajiye sandarsa ya ɗaga hannu yana juyi, tsoho mai jikoki, yana cewa, "Faɗa musu, tela! Faɗa musu!"

Ban san lokacin da fim ya ƙare ba. Na daɗe ina danne da maɓalli kyamara tana juya iska.

Masu tafiya sharar gona suka tsaya da fartanya a kafaɗa. Wani ya aika gida, wani ya ƙwala kira ta kan katanga. Dela mai ƙosai ta zo da mai a hannunta, ta yi sallama tana haki, sai jitar ta koma 'yar siririya mai tsalle kamar ƙosai a kasko. Wannan shi ne na goma sha ɗaya a takardata. Ban gane shi ba. Mamuda mai gyaran keke ya yi sallama sau biyu wai ko za a ƙara masa, Kawu ya ce, "Na farkon ma bashi ne, ka gyara mini feda tukuna." Duk wanda ya iso sai ya tsaya daga nesa, ya gyara murya, ya yi sallama kamar zai shiga fada, a kaɗa masa, a yi shewa. Allura tana ta faɗawa ja. Na bar ta.

Tara ta wuce. Goma ta wuce. Ina kallon hannun ina jiran ya tsaya, bai tsaya ba. Na juya kaset, ya cika, na sa wani, shi ma ya cika gaba da baya. Na ruga cikin gida in ɗauko na uku a jaka. Da na dawo ta zaure, ganin taron manya a ƙofa, bakina da kansa ya ce, "Salamu alaikum."

Kawu ya amsa. Sannan ya kaɗa wani abu da ban taɓa ji ba.

Da gudu ya fara, kamar mai tsoron a riga shi. Ya yi tuntuɓe, ya tsaya, ya koma baya ya sake ɗaukowa, a hankali wannan karon, ya hau, ya hau, har ya kai wani wuri mai faɗi ya zauna. Wurin ya yi tsit. Baba Daudu ne ya fara fashewa da dariya.

"Wallahi shi ne! Ga gaggawar, ga tuntuɓen!"

Na dubi Inna Shatu da ke tsaye a bakin zaure. Ta ce, "Ba ka gane naka ba?"

Shekara biyar ina tambayarsa ina nawa taken, yana cewa sai na girma.

"Kullum daga asuba yake haɗa shi kafin ka iso," in ji ta. "Shi ya sa kake tarar da hannun ya gaji."

Kaset ɗin yana hannuna. Injin ba komai a cikinsa. Kafin in sa, Kawu ya riga ya kwantar da jitar, yatsun sun dunƙule a cinyarsa. Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata.

Lahadi, 11 ga Mayu, hantsi.

Hannun bai tashi ba yau. Jiya ya ba da na kwana biyu.

Kawu da kansa ya ce in kunna. Muka zauna a zaure mu uku. Akwai zakara a ciki, akwai daka daga maƙwabta, akwai jaki, muryar Baba Daudu ta fi jitar ƙarfi a wurare da yawa, kuma duk inda aka yi shewa sautin ya fashe. Alhaji Maikasuwa zai ce na ɓata masa suna. Na ƙirga take goma sha tara. Sauran masu taken wasu sun yi tafiya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma Kawu ba ya kaɗa na wanda ya rasu.

Bai motsa ba har gefe ɗaya ya ƙare. Duk rayuwarsa daga bayan jitar yake jinta, a jikin cikinsa. Yau ne ya fara zama a gabanta.

Ya ce a hankali, "Ashe haka take fita."

Ya juya wajen Inna. "Shatu, shekara talatin kina jin wannan, ba ki taɓa gaya mini ba?"

"In gaya maka, wa zai iya zama da kai?" Ta tashi wai tuwo zai kama. Da hantsi. Ba ta ko hura wuta ba.

Talata, 13 ga Mayu, la'asar. Kazaure.

Na aika wa Alhaji kyamararsa da fim ɗin ta hannun direban motar Kano. Mako shida. Ban san ko na riƙe ta daidai ba.

Alhamis, 15 ga Mayu.

Ina ta fito da taken nawa da baki a kan babur don kada ya gudu. Farkon yana nan. Wurin da ya hau ɗin ne nake ɓata.

Asabar, 17 ga Mayu, hantsi. Roni.

Na sa kaset, na fita, na yi sallama. Ya amsa. Kawu ya ɗora hannun a wuyan jitar. Muka jira.

Masu dubiya sun cika zaure har waje. Ban mayar da kowa ba.

Lahadi, 18 ga Mayu.

Haka dai. An yi yayyafin farko, ƙasa tana ƙamshi. Inna tana haɗa kayan kwana.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan sallar asuba.

Ina rubutu a kan gwiwa, mota tana ƙofa, direba yana ɗaure kaya. Baba Daudu ya riga kowa shiga gaba, ya ce shi ba rakiya ya zo ba, Kano za shi ganin shanu.

Ɗazu na shiga in ajiye jitar. Na taɓa karantawa cewa in za a daɗe ba a taɓa ta ba, a sassauta tsirkiyoyin don kada wuyan ya lanƙwashe. Na kama kunnen tsirkiyar farko na fara murɗawa. Ban ji shigowar Kawu ba.

"Me kake yi?"

"Sassautawa, Kawu. An ce in za ta daɗe a ajiye…"

"Wa ya ce maka za ta daɗe?"

Na tsaya. Ya sa ni na mayar da kunnen a hankali, yana jan tsirkiyar da babban yatsan dama yana saurare, har ta dawo inda take. Ya gyaɗa kai.

"Bar su a ɗaure. Naka bai shiga injin ba tukuna. Ka sayi batir sababbi ka ajiye."

Suna kira na.